SSD ta Ciki ko ta Waje: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Shirin Saye

Tambayoyin nan su ne waɗanda ake yawan maimaitawa a gaban teburin mai gyaran kwamfuta a garuruwanmu, daga Wudil da Gaya zuwa Ringim, Gumel da Haɗejia. Masu yin su ɗalibai ne da ke rubuta furojet, da malaman makaranta masu haɗa sakamakon jarrabawa, da masu shagon buga takardu, da masu tura finafinai da karatu a waya, da masu ɗaukar bidiyon biki. An sa wa kowace lamba domin a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Mece ce SSD, kuma me ya raba ta da tsohuwar ma'adanar kwamfuta?

Tsohuwar ma'adana, wato HDD, faifai ne da ke juyawa a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, yawanci sau 5,400 a minti ɗaya a kwamfutar tafi-da-gidanka, sannan akwai wani hannu mai kamar allurar garmaho da ke bin faifan yana neman inda aka ajiye bayani. SSD ba ta da abin da ke motsi ko ɗaya. Tana ajiye bayanai ne a cikin ƙwayoyin lantarki irin na memorin waya, sai dai sun fi su inganci da sauri nesa ba kusa ba. Shi ya sa ba ta ƙara, ba ta cin batir sosai, kuma girgizar babur a hanyar burji ba ta yi mata illar da take yi wa faifai.

2. Me ake nufi da ta ciki da ta waje?

Ta ciki ita ce wadda ake kwance kwamfuta a dasa ta, a ɗora mata Windows da sauran manhajoji, ta zama daga kanta kwamfutar take tashi kullum. Ta waje kuwa tana zuwa ne a cikin gidanta, girmanta kusan na katin ATM ne a yawancin lokuta, ana jona ta da kebul ta kafar USB a cire idan an gama. Abin da ke cikinsu kusan iri ɗaya ne. Bambancin yana ga hanyar da kowace ke bi ta yi magana da kwamfuta, da kuma aikin da aka yi ta dominsa.

3. Kwamfutata tana ɗaukar mintuna kafin ta tashi, tana kuma daskarewa. Wacce zan saya?

Ta ciki, babu wani dogon tunani. Wannan ne kuskuren da ya fi cinye wa mutane kuɗi: mutum ya ji an ce SSD tana sa kwamfuta sauri, sai ya sayo ta waje ya jona, ya kwashe hotuna da finafinai ya zuba mata, sannan ya ga kwamfutar tana nan da nauyinta kamar da. Dalili shi ne Windows da manhajojin da yake buɗewa suna nan a kan tsohon faifan, kuma daga can ake karanto dubban ƙananan fayiloli duk lokacin da aka kunna kwamfuta ko aka buɗe Word. A irin wannan aiki na tsince-tsince ne faifai ya fi gazawa, domin sai allurar ta yi ta kai-komo, a nan kuma SSD ta fi nuna fifikonta.

Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun jama'a a yankinmu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, HP da Dell da Lenovo waɗanda suka yi shekaru a ofisoshi kafin su iso Kano. A ganina babu wani gyara da ke farfaɗo da irinsu kamar a cire faifan a sa SSD. Kwamfutar da kan yi minti biyu ko uku tana tashi takan koma ƙasa da rabin minti. Amma a lura, SSD ba ta maye gurbin RAM, wato memorin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi a cikinsa. Idan RAM ɗin giga 4 ne kacal, to a yi ƙoƙari a kai shi 8 a zama ɗaya, tunda an riga an kwance kwamfutar.

4. Ta yaya zan san irin SSD ta ciki da kwamfutata take karɓa?

Kada a sayi komai kafin a amsa wannan, musamman ga wanda zai yi kuɗin mota daga Kazaure ko Birnin Kudu zuwa titin Beirut a Kano, don dawowa canji wata tafiya ce. Nau'i uku aka fi samu. Na farko shi ne SATA mai faɗin inci 2.5, wanda girmansa da bakinsa daidai suke da na tsohon faifan kwamfutar tafi-da-gidanka, don haka cire wancan ake yi a zura wannan. Gudunsa yana tsayawa ne a wajen mega 550 a daƙiƙa. Na biyu da na uku siffarsu ɗaya, wani ɗan siririn allo ne mai kamar rula da ake kira M.2, wanda aka fi samu da lamba 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80. To amma wani M.2 ɗin SATA ne a cikinsa, gudunsa bai wuce na farkon ba, wani kuma NVMe ne, wanda gudunsa ya danganta da hanyar da ke haɗa shi da babban allon kwamfuta, mai suna PCIe: yakan kai mega 3,500 a daƙiƙa a kan PCIe 3.0, ya kai wajen 7,000 a kan PCIe 4.0.

Matsalar ita ce ba kowane ramin M.2 ne ke karɓar duka biyun ba. Akwai kwamfutar da SATA kaɗai ta sani, akwai wadda NVMe kaɗai, akwai mai karɓar kowanne. A dubi bakin allon: mai tsaga biyu yawanci SATA ne, mai tsaga ɗaya yawanci NVMe ne. Wannan alama ce kawai, tabbacin yana ga littafin da kamfanin ya fitar na ainihin samfurin kwamfutar, kuma lambar samfurin tana rubuce a ƙarƙashinta ko a ramin batir. Wasu tsofaffi kuma, irin ThinkPad T420, suna da wani ƙaramin rami mai suna mSATA wanda ba ya karɓar M.2 ko kaɗan.

Akwai kuma waɗanda ba a iya canza musu ma'adana sam, domin an liƙe ta da dalma a jikin babban allon. Haka ƙananan kwamfutoci masu araha da ke zuwa da wata ƙaramar ma'adana mai suna eMMC ta giga 32 ko 64 suke a mafi yawan lokuta, haka ma MacBook Air daga 2018 zuwa yau. Mai irin waɗannan ba shi da zaɓi sai ta waje.

5. To wa ya kamata ya sayi ta waje?

Wanda kwamfutarsa ta riga ta zo da SSD amma wuri ya yi masa kaɗan, da wanda aikinsa ke yawo tsakanin na'urori. Mai ɗaukar bidiyon biki da zai ɗauka a ƙauye, ya kai wa mai tacewa a Dutse ko Kano, ya dawo da aikin, shi ne misali na farko. Haka ɗalibin da ba shi da kwamfuta tasa, yana aiki yau a ɗakin kwamfuta na makaranta gobe a ta abokinsa, kodayake idan rubutu ne kawai filash mai kyau ma ta ishe shi. Sai kuma mai son ajiye kwafi na biyu na muhimman takardunsa, wanda aka yi bayani a amsa ta 12.

6. A jikin kwali an rubuta mega 1,050 a daƙiƙa, amma ni 35 nake gani. An cuce ni ne?

Ba lallai ba ne. Sau da yawa laifin na kafar USB ne ko na kebul. Rijiyar burtsatse komai yawan ruwanta, abin da tiyo ya iya ɗauka shi ne zai isa gona. Kafar USB 2.0 ba ta wuce mega 30 zuwa 40 a daƙiƙa a aikace. Ta USB 3.0, wadda kan zo da shuɗin harshe ko alamar SS a gefenta, tana kaiwa wajen 400. Adadin 1,050 da ake gani a kwalin Samsung T7 da makamantanta sai a kafa mai gigabit 10, wadda ake kira USB 3.2 Gen 2, kuma tsofaffin kwamfutoci ba su da ita. A lissafi, bidiyon giga 100 zai ci kusan minti 48 a kafa ta farko, minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi a ta biyu, ƙasa da minti biyu a ta uku.

Kebul ma yana yaudara. Yawancin kebul ɗin cajin waya mai baki Type-C a gudun USB 2.0 yake tafiya, ko da ya shiga daidai. A riƙe wanda ya zo a cikin kwali, kada a ba da aronsa a shagon caji. Idan kafa da kebul duk daidai suke amma gudun bai tashi ba, a duba amsa ta 13.

7. Ina da shagon tura finafinai da waƙoƙi a waya. SSD za ta sa na riƙa sallamar mutane da wuri?

Kaɗan ne za ta taimaka a nan, kuma gara a faɗa maka gaskiya kafin ka kashe jari. Abin da ke jan lokaci a shagonka memorin mai saye ne da kafar wayarsa, waɗanda yawancinsu ko gudun tsohon faifai ba su kai ba. Ka sa ƙaramar SSD ta ciki domin Windows, kwamfutar ta daina daskarewa idan ka jona waya huɗu ko biyar a lokaci ɗaya ranar kasuwa. Tarin finafinan kuwa ka bar su a babban faifai na HDD, domin har yanzu kuɗin tera ɗaya (giga 1,000) na faifai ya fi na SSD sauƙi sosai. Idan kwamfutar tana da wurin faifan DVD da ba a amfani da shi, akwai wani gida da ake sayarwa mai siffar na'urar DVD ɗin, a zare ta a zura shi da faifai a ciki, sai ka samu ma'adana biyu a kwamfuta ɗaya.

8. Giga nawa ne zai ishe ni?

Windows 11 kaɗai tana buƙatar ma'adana ta aƙalla giga 64, don haka 128 takan cika kafin a ankara. Ga malami ko ɗalibi 256 ta wadatar, 512 ta fi kwanciyar hankali. Mai bidiyo ya fara daga tera 1. A riƙa barin kamar kashi ɗaya zuwa biyu cikin goma babu komai, domin SSD da ta cika maƙil tana rage gudu.

Kada a yi rigima da mai shago idan tera 1 ta nuna giga 931, ko 500 ta nuna 465, ko 256 ta nuna 238. Kamfanoni suna ƙirga da 1,000, Windows kuma da 1,024, babu abin da aka sata.

9. Zan iya sayen ta ciki in mayar da ita ta waje?

Ƙwarai. Ana sayar da gidan da ake zura SSD ta ciki a rufe, ya ba ta kafar USB, kuma sau da yawa haɗin biyun ya fi sayen ta waje sauƙin kuɗi. Sharaɗin shi ne gidan ya dace da nau'inta kamar yadda aka rarrabe a amsa ta 4, domin gidan NVMe ba lallai ya karanta M.2 na SATA ba. Ga NVMe a zaɓi gidan ƙarfe saboda zafi. Amfanin wannan hanya shi ne idan gidan ya lalace canza shi kawai za a yi, bayanan suna nan.

Shawarar da na fi ba mai ƙaramin ƙarfi daga nan ta fito: ya sayi SSD ta ciki, tsohon faifan da aka cire kuma a saya masa gida na inci 2.5 ya zama ma'adanar waje. Da kuɗin abu ɗaya da 'yan canji ya samu biyu.

10. Wuta ba ta tsayawa a garinmu, da janareta ko sola muke aiki. Wacce ta fi jurewa?

Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta fayil tana iya lalata fayil ɗin a kowace irin ma'adana, a wasu lokutan ma takan rikita taswirar da SSD ke amfani da ita wajen sanin inda ta ajiye komai. Abin da ke kare ta ciki shi ne batirin kwamfutar. Da yawa daga cikinmu batirin ya daɗe da mutuwa, ana aiki ne kai-tsaye da caja, man janareta yana ƙarewa kwamfuta ta mutu nan take. Mai irin wannan hali ya sa batir a cikin kasafinsa tare da SSD, mai kwamfutar tebur kuma ya nemi UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke.

Ta waje daga kafar USB take shan wuta, don haka duk abin da ya sami kwamfuta ya same ta, ga kuma ƙarin haɗarin a fizge kebul ko yaro ya taɓa shi. A riƙa umartar Windows ta sake ta tukuna, a jira saƙon da ke cewa an iya cirewa.

11. Zafin bazara da ƙurar hunturu fa?

Yawancin SSD na ciki an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 70, kuma idan sun kusa iyaka sukan rage gudu da kansu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano da Jigawa ke haura digiri 40, shagon kwano marar fanka yana iya kai NVMe ga wannan iyaka idan ana dogon kwafi. Ta SATA ba ta cika zafi haka ba. Ƙura ba ta shiga SSD ta yi mata komai, amma tana toshe fankar kwamfuta da kafar USB, don haka a riƙa hure su bayan hunturu. Ta waje kuma kada a bar ta a gaban mota ko a akwatin babur a rana.

12. An ce SSD tana ƙarewa, kuma idan ta mutu babu ceto. Gaskiya ne?

Akwai iyakar yawan rubutun da ƙwayoyinta za su ɗauka, kamfanoni kuma suna rubuta shi da sunan TBW, wato jimillar terar da za a iya rubuta mata. Misali Samsung 870 EVO mai giga 500 an ba ta tera 300, tare da garantin shekara biyar. Wanda ke rubuta giga 20 kullum zai yi sama da shekara 40 kafin ya cinye wannan adadi, saboda haka ba wannan ne abin tsoro ba.

Abin tsoron shi ne yadda take mutuwa. Faifai yakan yi ƙara ko ya yi ta nauyi na kwanaki kafin ya tsaya, mutum ya samu damar kwashe kayansa. SSD tana iya aiki lafiya da daddare, da safe kwamfuta ta ce ba ta gan ta ba, kuma ciro bayanai daga cikinta aiki ne da ya fi ƙarfin kayan aikin da ke teburin yawancin masu gyara. Ko fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ma da wuya ya dawo, saboda wani tsari mai suna TRIM da ke share gurbinsa ba da jimawa ba. Don haka furojet, sakamakon ɗalibai, da bidiyon bikin da ba a miƙa wa masu shi ba, kowanne ya zauna a wuri biyu daban. Wanda ya kwashe fayil zuwa ta waje ya goge na kwamfuta, kwafi ɗaya yake da shi har yanzu. Ƙananan takardu kuwa a tura su Google Drive, wanda ke ba da giga 15 kyauta, duk ranar da aka samu sabis mai ƙarfi.

Ba a kuma jefa SSD a akwati shekara da shekaru. Ƙa'idar JEDEC, hukumar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan ƙwayoyin lantarki, ta tanadi cewa wadda ta cinye adadin rubutunta ta riƙe bayanai shekara ɗaya babu wuta a digiri 30, kuma zafi yana rage wannan wa'adi. Sabuwa tana jurewa fiye da haka, amma ɗakunanmu sukan wuce digiri 30 watanni da dama. Ajiyar dogon zango ta fi dacewa da faifai, ko a riƙa jona SSD ɗin lokaci zuwa lokaci ana duba kayan.

13. Ta yaya zan gane jabu, kuma ya halatta in sayi ta hannu?

Jabu ta fi yawa a cikin na waje, domin gidan a rufe yake. Akan sami wadda aka rubuta wa tera 2 ko 4, har ma 16, a farashin da bai kai na giga 256 na gaske ba, idan aka fasa sai a tarar da ɗan memori ne a ciki da aka yi wa dabara yana nuna girman ƙarya. Za ta karɓi fayiloli kamar gaske, sai an zo buɗewa a ga na baya sun hau kan na farko, duk sun lalace. Araha dai ba ta ado. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika ma'adanar da bayanai ta sake karanto su, ta faɗi ainihin girmanta. Gwajin yana ɗaukar lokaci, saboda haka a yi yarjejeniya da mai shago a rubuce a jikin rasit cewa za a dawo da ita idan ta faɗi.

Ta hannu kuma ba laifi ba ce idan an duba ta. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ta yi a kunne, da yawan abin da aka rubuta mata, da kason lafiyar da ya rage. A sa mai shago ya buɗe a gaban mai saye. Ni dai na fi natsuwa da ta hannu ta sanannen kamfani wadda aka gwada, a kan sabuwa fil mai sunan da ba wanda ya taɓa ji.

14. Ta waje za ta yi aiki a waya da talabijin?

Ya danganta da tsarin da aka yi mata fomat da shi. FAT32 kusan kowace na'ura tana karanta shi, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. NTFS na Windows ne, kwamfutar Apple tana karanta shi amma ba ta rubutu a kai sai da ƙarin manhaja. exFAT ne ya fi dacewa da mai yawo tsakanin Windows, Apple da sababbin wayoyi. Wayar Android sai tana da OTG, wato ikon karanta ma'adanar da aka jona mata ta kafar caji, kuma wasu ba sa iya ba SSD isasshiyar wuta. A tuna cewa fomat yana share komai, a zaɓi tsarin tun tana sabuwa.

15. Idan ta ɓata ko ta kwaso bairos fa?

Nan ta ciki ta fi aminci, domin ba ta zuwa ko'ina. Ta waje da ake jonawa a kowane shagon buga takardu tana kwaso bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji ya bar alamunsu kawai, daidai yadda filash ke yi. Dabarar ita ce a ware ƙaramar filash ta zuwa shago, babbar kuma ta tsaya tsakanin kwamfutocin da aka yarda da su. Game da ɓata, mai riƙe da hotunan iyalan mutane ko bayanan ɗalibai ya kulle ta da kalmar sirri. BitLocker da ke cikin Windows Pro yana yin haka, sai dai wanda ya manta kalmar kuma ya yar da lambar ceto, babu mai iya buɗe masa.

16. Na sayi ta ciki. Yaya za a yi da Windows da fayilolina na tsohon faifai?

Hanya biyu ce. Ko a kwafe faifan gaba ɗaya zuwa SSD da manhaja irin Clonezilla, muddin tsohon faifan bai fi sabuwar girma ba, ko a ɗora sabuwar Windows a kwaso fayiloli daga baya. Ta biyun na fi so ga kwamfutar da ta daɗe tana fama da bairos, domin kwafi yana tahowa da duk tarkacen da ke ciki. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, wannan ne lokacin da za a duba ko kwamfutar ta cika sharuɗɗan Windows 11.

Kowace hanya aka bi, a cire caja da batir kafin a taɓa cikin kwamfutar, kuma mai ita ya tsaya ya karɓi tsohon faifansa a hannu, kada ya bar shi a shago a matsayin ragin kuɗin aiki alhali hotunansa da takardunsa suna ciki. Kada a yi masa fomat sai an yi mako biyu ko uku ana aiki da sabuwar, an kuma buɗe muhimman fayiloli ɗaya bayan ɗaya an tabbatar sun iso lafiya. Daga nan sai a sa shi a gidan da aka ambata a amsa ta 9.